Me Ya Sa Ruwan Shawa Ke Tsiyaya? Kimiyyar Matsin Ruwa da Hitar Gida

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga makewayi da asubahin hunturu, lokacin da sanyi ke ratsa ƙashi, ya san darajar ruwan ɗumi. A gidaje da yawa na birane, da asibitoci, da masaukan baƙi, an daina ɗora tukunya a murhu domin ruwan wanka. Aikin ya koma hannun hita, wato wannan farin tulun ƙarfe da ake maƙalawa a bango, wanda ke tara ruwa ya dumama shi da lantarki. Sai dai kuma sau da yawa murna takan koma ciki. Mutum zai murɗa famfon sanyi ruwa ya zubo da ƙarfinsa, amma da ya juya zuwa na zafi sai ya ga ruwan yana tsiyaya kamar na indararo bayan an ɗauke ruwan sama.

Abin da yawancin magidanta kan yi a irin wannan hali shi ne su yanke hukunci cewa hita ta mutu. Wani ya kwashi kuɗi masu yawa ya sayo sabuwa, a ɗaura, a buɗe famfo, a tarar tsiyayar tana nan yadda take. Wani kuma ya sami mai gyaran da zai cire wani ƙarfe daga jikin hitar, ruwa ya ɗan ƙaru, alhali an cire abin da ke kare rayukan mutanen gidan. Na farko ya yi asarar dukiya, na biyu kuwa ya sayi haɗari da kuɗinsa. Dukansu biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Haka nan ba ya rasa ƙarfi banza. Wannan maƙala za ta bi ruwa tun daga tanki har zuwa kan shawa, domin a ga inda ƙarfinsa ke fitowa, da wuraren da yake salwanta, da kuma yadda ɗalibin da ya fahimci darasin kimiyyar sakandare zai iya gano matsalar da bokiti da agogo kawai.

Hita ba ta tura ruwa

Dumama ruwa a cikin bututu ba tsohon abu ba ne sosai. A shekarar 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera na'urar da ke dumama ruwa da iskar gas yayin da yake wucewa. A 1889 kuma Edwin Ruud, injiniya ɗan ƙasar Nowe da ke aiki a birnin Pittsburgh na Amurka, ya ƙera wadda ke tara ruwa a tanki, ta kunna kanta, ta kashe kanta. Hitar lantarki da ke bangon makewayi a yau jikanyar wannan ce.

Idan aka tsaga irin wannan hita, abubuwan da za a gani ba su da yawa. Akwai tulun ƙarfe da aka lulluɓe da abin da ke hana zafi fita. A ƙasansa akwai ƙarfen da lantarki ke bi ya yi zafi, tare da na'urar da ke yanke wuta idan ruwan ya kai zafin da aka zaɓa. Akwai kuma bututu biyu da ke leƙowa ta ƙasa, ɗaya da alamar shuɗi, ɗaya da alamar ja. Mai shuɗi shi ne mashigar ruwan sanyi, kuma gajere ne. Mai ja shi ne mafitar ruwan zafi, kuma a cikin tulun yana miƙewa har kusa da sama. Dalili kuwa shi ne ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka yakan taru a sama, na sanyi ya kwanta a ƙasa.

A cikin duk waɗannan babu injin tura ruwa ko ɗaya. Lokacin da aka buɗe famfon zafi, ruwan sanyi ne ke shigowa ta ƙasa ya ingiza na zafi ya fita ta sama. Idan lita ɗaya ba ta shiga ba, lita ɗaya ba za ta fita ba. Ke nan hita wani kumburarren sashe ne na bututun gida, wanda ruwa ke yada zango a cikinsa ya yi ɗumi kafin ya wuce. Tana iya rage ƙarfin ruwa idan ta toshe, amma ba ta da ikon ƙara masa. Wanda ya sayi babbar hita domin ruwa ya yi ƙarfi, ya sami ruwan zafi mai yawa ne kurum, tsiyayar kuwa ba za ta sauya ba.

Daga ina ƙarfin ke zuwa?

A garuruwa da yawa na Nijeriya da Nijar ruwan famfo ba ya zuwa kullum. Saboda haka gidaje sukan haƙa rijiya ko burtsatse, a jawo ruwa da inji zuwa tankin da aka ɗora a kan hasumiyar ƙarfe ko saman rufi. Daga nan nauyin ruwan ne kaɗai ke sauko da shi. Wannan ya kawo batun abin da masana ke kira matsi, wato yawan ƙarfin da ke danna wani ƙayyadadden fili.

Blaise Pascal, masanin Faransa, ya yi bayani a littafinsa kan daidaituwar ruwa, wanda aka buga a 1663, shekara guda bayan rasuwarsa, cewa matsin ruwa ya dogara ne da tsayin ruwan da ke bisa, ba da yawansa ko siffar mazubinsa ba. Lissafin mai sauƙi ne. A ɗauka akwai siririn bututu a tsaye, bakinsa murabba'in santimita ɗaya, tsayinsa mita 10. Ruwan da zai cika shi lita ɗaya ne daidai, nauyinsa kilo ɗaya. Ke nan tsayin mita 10 na ruwa yana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kilo ɗaya. Wannan shi ne kusan abin da ake kira "bar" ɗaya, ma'aunin da akan gani a rubuce a jikin hita da injunan ruwa.

Daga nan abubuwa biyu sun bayyana. Na farko, tanki mai lita 5,000 da mai lita 500 matsinsu ɗaya ne muddin saman ruwansu yana tsayi ɗaya. Na biyu, tsayin da ake magana a kansa ba daga ƙasa ake auna shi ba, daga saman ruwan tanki ne zuwa kan shawa. Idan saman ruwan yana mita 5 daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita 2, to, mita 3 kaɗai ke aiki. Famfon da ke kusa da daɓen makewayin ya fi shawar samun ƙarfi domin ya fi ta nisa da tanki ta fuskar tsayi. Wannan ne ya sa a gidan bene mutanen ƙasa ke wanka cikin jin daɗi, na sama suna ƙorafi, alhali tanki ɗaya ke ba su ruwa.

Sai kuma wata ƙa'ida da Evangelista Torricelli, almajirin Galileo a Italiya, ya wallafa a 1644. Ya nuna cewa saurin ruwan da ke fita ta huda ba ya ninkuwa daidai da tsayi. Kafin saurin ya ninka biyu, sai tsayin ya ninka huɗu. Wanda ya ɗaga tankinsa har tazarar ta tashi daga mita 3 zuwa mita 6 zai sami ƙarin kusan kashi 41 cikin ɗari ne, ba ninki ba. Haka kuma idan tanki ya kusa ƙarewa, tazarar ta sauko daga mita 3 zuwa mita ɗaya da rabi, ruwan zai ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da komai ya lalace ba.

Abin da ke cinye ƙarfin a hanya

Matsin da aka lissafa a sama na ruwan da ke tsaye cik ne. Da zarar ya fara gudu sai ya riƙa gugar jikin bututu, kuma kowace guga tana cin wani abu daga ƙarfinsa. Dogon bututu ya fi gajere ci. Kowace gwiwa, kowane bawul, kowane wurin da hanya ta ƙuntata, duk suna karɓar nasu haraji.

Mafi tsananin su duka shi ne ƙuncin bututu. Gotthilf Hagen, injiniya a Jamus, a 1839, da Jean Poiseuille, likita a Faransa wanda ke binciken gudanar jini a jijiyoyi, a 1840, kowannensu ya gano cewa a siraran bututu inda ruwa ke tafiya a natse, idan faɗin bakin ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa yakan koma kashi ɗaya cikin 16. A bututun gida ruwa yana gudu ne a hargitse, saboda haka raguwar ba ta kai haka ba, amma duk da haka yakan koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Ɗan datti da ido zai raina a cikin bututu mai rabin inci yana iya mayar da shawa abin tausayi.

A nan ne amsar tambayar da ke damun mutane take: me ya sa na zafi ya fi na sanyi rauni? Ruwan sanyi yana tafiya kai tsaye daga tanki zuwa shawa. Na zafi kuwa sai ya ratse ta bawul ɗin rufewa, ya bi ta siririn tiyo, ya ture wani bawul mai sifirin, ya shiga tulu, ya hau, ya sauko ta wani tiyon, sannan ya iso. Hanyarsa ta fi tsawo, ta fi yawan shingaye, kuma zafi kansa yana haifar da datti, kamar yadda za a gani nan gaba. Inda matsi ke da yawa wannan bambanci ba ya fitowa fili. Inda jarin duka mita 3 ne, kowace asara ana jin ta a jiki.

Bokiti, agogo da tambayoyi uku

Likita ba ya yanka kafin ya auna. Abu na farko shi ne a sami bokiti mai lita 10 da agogo. A buɗe ruwan sanyi kaɗai har ƙarshe, a ga daƙiƙa nawa bokitin zai ɗauka ya cika, a rubuta. A maimaita da ruwan zafi kaɗai, cikin hankali don gudun ƙuna. Sannan a kwance kan shawar a sake auna duka biyun. Bokitin da ya cika a minti ɗaya yana nufin lita 10 a minti, wanda ya isa wanka mai daɗi. Wanda ya ɗauki minti huɗu yana nufin lita biyu da rabi, wato tsiyaya. Da waɗannan alƙaluma sai a amsa tambayoyi uku.

Tambaya ta farko: raunin ya shafi zafi da sanyi ne, ko zafi kaɗai? Idan duka biyun ne, a wanke hita daga zargi, a dubi kan shawa, ko tanki, ko babban bututun gida. Idan zafi ne kaɗai, matsalar tana tsakanin mashigar hita da famfo.

Tambaya ta biyu: shawa ce kaɗai, ko duk famfunan gidan? Idan ruwan zafi yana fita da ƙarfi a wurin wanke hannu amma ba ya fita a shawa, alhali hita ɗaya ke ba su, to hitar lafiyarta lau. Laifin yana cikin famfon shawar ko bututun da ke kai mata.

Tambaya ta uku: yaushe abin ya fara? Raunin da ya zo dare ɗaya yana nuni ga iska da ta shiga bututu, ko bawul da wani ya taɓa, ko wani tsakuwa da ya maƙale. Wanda ya zo sannu a hankali cikin watanni yana nuni ga farar ƙasa ko tsatsa. Wanda kuwa yake nan tun ranar da aka ɗaura shawar, kuskuren tsari ne: tanki ya yi ƙasa, ko bututu ya yi siriri, ko kan shawar bai dace da gidan ba.

Kan shawa

Nan ya kamata a fara, domin nan ne gyara ya fi arha. Idan da aka kwance kan shawa ruwa ya ɓarke da ƙarfi, an kama mai laifi. Hudojinsa ƙanana ne, kuma a mahaɗarsa akwai 'yar rariya da ke tare yashi. A wanke rariyar, a jiƙa kan a cikin ruwan kal ko ruwan lemon tsami na wasu sa'o'i, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Ƙasashe da dama suna ƙayyade yawan ruwan da kan shawa zai fitar domin tsimin ruwa da makamashi. Dokar makamashi ta Amurka ta 1992, alal misali, ta hana sayar da kan da ke fitar da fiye da lita tara da rabi a minti a ƙarƙashin matsin da ya kai na tsayin mita 56 na ruwa. Domin cika irin wannan sharaɗi masana'antu sukan sa wani ɗan faifan roba mai ƙaramar huda a cikin mahaɗar. Idan aka kawo irin wannan kan aka ɗaura a gidan da ke da mita 3 kacal, ƙa'idar Torricelli ta nuna cewa abin da zai fita bai wuce lita biyu da 'yan kai a minti ba. Haka nan faffaɗan kan nan mai zubo da ruwa kamar ruwan sama yana buƙatar ruwa mai yawa. Gidan da ke dogaro da tanki ya fi dacewa da kan da aka ƙera domin ƙaramin matsi.

Bawul da tiyo

A kan bututun da ke shiga hita akwai bawul na rufe ruwa. Sau da yawa bayan wani gyara akan manta a bar shi a rabin buɗe. Tiyon da ke haɗa hita da bango ma yakan lanƙwashe, ko robar cikinsa ta kumbura saboda zafi ta toshe hanya, alhali daga waje ba a ganin komai. Dukansu biyu dubawa ba ta da wuya, canzawa ba ta da tsada.

Daf da bakin hita kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai launin rawaya, mai ɗan hanci a gefe. Ayyuka biyu yake yi. Yana barin ruwa ya shiga amma ya hana shi komawa baya, sannan yana buɗewa ya zubar da ruwa ta hancin idan matsi ya yi yawa a cikin tulu. Ƙofarsa tana da sifirin, kuma idan yashi ko farar ƙasa suka kama ta, ba ta buɗewa sosai. Wannan na daga cikin sanannun dalilan raunin ruwan zafi. Maganinsa a wanke shi ko a sa sabo irinsa. Cire shi ba magani ba ne, kuma za a dawo kan dalilin.

Farar ƙasa da tsatsa

Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar dafa shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta. Asalinsa daga ƙasa yake. Ruwan sama yana haɗuwa da iskar kabon dayoksaid ya zama ɗan tsami-tsami. Idan ya nutse ya ratsa dutsen farar ƙasa, sai ya narkar da shi kaɗan-kaɗan ya tafi da shi. Irin wannan ruwa garau yake a ido, amma sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Da an dumama shi sai lamarin ya juya: iskar ta fice, sinadarin kalshiyam kabonet ya koma dutse, ya manne a duk inda ya samu. A rubuce ga yadda abin yake:

Ca(HCO₃)₂ → CaCO₃ + H₂O + CO₂

Gwargwadon zafin ruwa gwargwadon saurin taruwar ɓawon, musamman idan ya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa bututun zafi ke toshewa, na sanyi yana nan garau. Ɓawon yakan lulluɓe ƙarfen dumama ruwa ya sa shi cin wuta da saurin ƙonewa, gutsattsarinsa kuma su bi ruwa su maƙale a mafita, da cikin famfo, da hudojin shawa. Hitar da ke ƙugi ko ƙara kamar ana soya gyaɗa yayin da take aiki, alama ce ta cewa guggubi ya taru a gindinta.

Wuraren da ƙasarsu ke da dutsen farar ƙasa, irin su Kalambaina a Sakkwato, da Ashaka a Gombe, da Malbaza a Nijar, inda duk aka kafa masana'antun siminti saboda wannan dutse, su ne irin wuraren da ya kamata a sa ido a kan ruwan rijiya. A wasu wuraren kuma yashi da laka daga burtsatse ne ke toshe hanya. Tsofaffin gidaje masu bututun ƙarfe suna da tasu matsalar, domin tsatsa tana tsirowa daga ciki har ta cinye ramin, kuma zafi yana ƙara mata sauri. Jan ruwa da ke fara fitowa da safe shi ne shaidarta. Irin wannan bututu ba ya wankuwa, sai dai a sauya shi da wanda aka ƙera domin ruwan zafi.

Rigakafi ya fi magani. Sa rariyar tace ruwa a bakin tanki, da wanke tankin kansa, da sa ƙwararre ya juye hita ya wanke cikinta kamar sau ɗaya a shekara, sun fi sayen sabuwa sauƙi.

Iska a cikin bututu

Wannan matsala ta gidajen tanki ce musamman. Idan wuta ta daɗe ba ta zo ba, tanki ya ƙafe, iska takan shiga bututu. Bayan an sake cika tankin, iskar takan taru a duk inda bututu ya hau sannan ya sauko, domin ta fi ruwa rashin nauyi. A ɓangaren da ke gangarowa, inda ya kamata nauyin ruwa ya taimaka wajen jan na baya, sai ya zama iska ce ta cika wurin. Tsayin wannan ɓangare sai a cire shi daga jarin matsin gidan. Idan jarin mita 3 ne, iska ta mamaye mita 2, saura ɗaya. Idan ta mamaye ukun, ruwa ya tsaya cak alhali tanki a cike yake. Ruwan zafi ya fi fuskantar wannan, domin ruwa yana sakin iskar da ta narke a cikinsa idan ya yi zafi, kamar ƙananan kumfan da ake gani a jikin tukunya tun kafin ta tafasa.

Alamar ita ce famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa. Abin yi shi ne a kashe wutar hita, a cika tanki har baki, a buɗe duk famfunan zafi har ƙarshe, a bar su sai ruwa ya daidaita. Kashe wutar wajibi ne, domin ƙarfen dumama ruwa yana ƙonewa cikin ɗan lokaci idan babu ruwa a kansa. Idan matsalar tana yawan dawowa, sai mai aikin famfo ya gyara shimfiɗar bututun yadda ba zai riƙa hawa da sauka ba.

Idan tsayi ne ya gaza

Idan an bi duk waɗannan aka tarar komai a wanke yake, kuma zafi da sanyi duk rauni gare su, to jarin ne ya yi kaɗan. Mafita uku ce: a ɗaga tanki, a sauya babban bututun da ke saukowa da mai faɗi, ko a sa ƙaramin injin ƙara matsi. Wanda zai ɗaga tanki ya tuna cewa lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, saboda haka hasumiyar aikin ƙwararru ce. Wanda zai sa inji kuma ya duba adadin matsin da aka rubuta a jikin hitarsa, kada ya wuce shi, kuma ya sa injin a inda zai tura zafi da sanyi tare. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi sosai, mai ƙarfin yakan danne mai rauni a cikin famfon da ke gauraya su, mai wanka ya kasa samun ɗumin da yake so.

Gyaran da ya fi ɓarna

Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Lita 50 da aka dumama daga digiri 20 zuwa 60 tana ƙaruwa da kusan kashi uku cikin huɗu na lita, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Wannan ƙari dole ya sami wurin zuwa, shi ya sa hancin ɗan ƙarfen nan mai launin rawaya ke ɗiga lokacin da hita ke aiki. Ɗigar aikinsa ne, ba lalacewa ba ce. Wanda ya toshe hancin don ya gaji da ɗiga, ya rufe ƙofar tsira. Idan wata rana na'urar yanke wuta ta gaza, ruwan zai wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba saboda matsi. Da tulun ya tsage, wani ɓangare na ruwan zai rikiɗe tururi nan take, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ruwan da ya fito daga gare shi sau 1,600 da ɗoriya. Irin wannan fashewa tana rusa bango. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abu na biyu shi ne lantarki. Ruwa da wuta da jiƙaƙƙen jiki haɗuwa ce mai kisa. Kafin a taɓa kowane bututu na hita a kashe ta daga babban makunni, a bar ruwan ya huce. Buɗe murfin ƙasa inda wayoyi suke aikin mai gyaran lantarki ne, kuma kowace hita tana buƙatar wayar da ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa.

Na uku shi ne wasa da ma'aunin zafi. Wasu sukan murɗa shi har ƙarshe domin ɗan ruwan da ke fitowa ya wadatar idan an surka. Wannan yana gaggauta taruwar farar ƙasa, ga kuma haɗarin ƙuna, domin ko ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, balle fatar yara da tsofaffi. Wasu kuma sukan rage shi ƙwarai don tsimin wuta. Nan ma da matsala. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano a 1977 bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taro a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, tana hayayyafa a ruwan da ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma ana kamuwa da ita ta shaƙar feshin ruwa irin na shawa. Saboda haka masana lafiya ke ba da shawarar a ajiye ruwan tulu a kan digiri 60, a surka shi da na sanyi wajen wanka.

Gwaje-gwaje domin aji

Malamai na iya nuna duk waɗannan ƙa'idoji da kayan da ba su da tsada. A huda gorar roba wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a cika ta da ruwa, ɗalibai su ga ta ƙasa ta fi fesowa da ƙarfi. A haɗa tiyo mai tsawo da bokiti, a ɗaga bokitin mita ɗaya bisa bakin tiyon, a auna lokacin cika kwalba, sannan a ɗaga shi mita huɗu a sake aunawa, a kwatanta sakamakon da hasashen Torricelli, a tattauna dalilin da ya sa guga ta hana lissafin cika daidai. A sami tiyo garai-garai irin na magina, a lanƙwasa shi ya yi tudu, a bar iska a tudun, a ga yadda ruwa ke tsayawa. A ƙarshe a kankaro ɓawon buta a zuba masa ruwan lemon tsami. Kumfan da zai taso ita ce iskar kabon dayoksaid da ke cikin lissafin da aka rubuta a baya.

Kammalawa

Ƙarfin ruwan shawa lissafi ne na shiga da fita. Tsayin tanki shi ne jari, bututu da bawul da datti da iska su ne masu ci daga cikinsa, abin da ya rage shi ke zubowa a kan mai wanka. Hita tana kan hanya ne kawai. Wanda ya riƙe wannan zai fara da bokiti da agogo, ya bi hanyar ruwa daga mai arha zuwa mai tsada: kan shawa, sannan tiyo da bawul, sannan iska, sannan cikin hita, sannan tanki. Abin da ya shafi wayoyi da bawul ɗin tsira kuwa ya bar wa masu sana'ar. Ɗalibin da ya koma gida hutun hunturu da wannan sani zai iya cetar wa mahaifinsa kuɗin sabuwar hita, ya kuma hana a toshe ɗan hancin nan da ke ɗiga.